Wayar parabol da wayar rezo: wacce za ka binne a bango kafin shafe?

Duk mai gini a Maradi, a Zariya yake ko Ali Ɗan Sofo ko sabbin filayen bayan gari, yana da ƴan kwanaki tsakanin gama ɗora bulo da fara shafe. A cikinsu ne mai haɗa wuta yake sassaƙe bango yana binne tiyo, maigida na tsaye a kansa yana nuna masa inda za a sa soket, inda fanka za ta rataya, inda ƙwai zai zauna. Zancen wayar talabijin da ta intanet kuwa ba ya tasowa. Sai an yi fenti an tare, sannan a kira mai parabol ya huda gefen taga, ya bi bango da ƙusoshi yana kafa farar waya, wadda rana za ta gasa har rigarta ta tsattsage. Rauta kuma a ajiye ta a falo, ƴan ɗakunan baya su riƙa fitowa tsakar gida neman wifi.

Talabijin da dikoda da rauta duk ana canza su rana ɗaya. Abin da ya shiga cikin siminti shi ne ba ya fita sai da guduma, shi ya sa nake ganin wayoyin nan sun cancanci a zauna a yi musu lissafi tare da rodi da kwano, tun gini bai rufe ba.

Iri biyu ne, kuma ɗaya ba ta yin aikin ɗaya. Ta farko ita ce ta parabol da eriya, wadda masu sana'a ke kira kowaksiyal: ƙarfe ɗaya tilo a tsakiya, farar roba mai kumfa ta lulluɓe shi, sai takardar alminiyum da saƙar siraran wayoyi a kewaye, sai riga. Ta biyu ita ce wayar rezo, mai sili takwas da aka murɗe biyu-biyu, launi huɗu, wadda bakinta RJ45 yake shiga bayan kwamfuta da rauta. Ga matsayina tun farko saboda mai gaggawa: wayar rezo mai lambar Cat6 zuwa kowane ɗakin da mutum zai zauna, wayar parabol mai lambar RG6 zuwa inda dikoda za ta zauna kawai, dukansu na jan ƙarfe zalla, cikin tiyo mai faɗi. In kuɗi ya gaza, a rage yawan layukan, kada a taɓa ingancin ƙarfen.

Wayar parabol

Akwai masu cewa zamanin parabol ya wuce tunda komai ya koma YouTube. A garin nan dai bai wuce ba. Gidan da ake kallon ƙwallo a Canal+, ko tashoshin Makka da Madina da sauran na kyauta da ake kamawa a Nilesat da Arabsat, ko labaran dare na Télé Sahel ta eriya, in aka ɗora duk wannan kallo a kan forfen Airtel ko Moov ko Zamani, na wata ba zai ga ƙarshen mako ba. Parabol ba ya cin mega. Saboda haka wayarsa tana da gurbi a bango, sai dai a san wacce.

Duk wayar talabijin om 75 ce (om ma'auni ne na lantarki), kuma ya kamata ka ga wannan lamba a jikin rigarta. Akwai wata mai kama da ita, RG58, om 50, ta rediyon oba-oba da makamantansa, ba ta da aiki a bayan dikoda. A cikin masu om 75, uku ne za ka tarar a babbar kasuwa: RG59 siririya, RG6 matsakaiciya mai ƙarfen tsakiya kusan milimita 1, da RG11 mai kauri wadda nata ya kai milimita 1.6. Kayan da ke shigowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa galibi da waɗannan sunaye suke zuwa. Waɗanda suka bi tsarin Faransa kuwa za ka ga an rubuta 17 VAtC ko 19 VAtC ko 21 VAtC, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure, suna zaton babbar lamba ta fi. Lambar tana faɗin yawan desibel, wato ma'aunin ƙarfin sigina, da ake rasawa a mita 100 a kan megahaz 800, don haka 17 ta fi 19, 19 ta fi 21. Harafin V na nufin rigar cikin gida. In ka ga P a madadinsa, 17 PAtC, baƙa ce mai jure rana, ita ta dace da saman rufi.

Siginar da ke saukowa daga kan parabol, wato LNB, tana tafiya ne tsakanin megahaz 950 da 2150, kuma iya hawan wannan lamba ta megahaz, wadda ake kira mitar sigina (ba mitar awon tsawo ba), iya abin da waya ke cinyewa. RG6 mai kyau tana rasa kimanin desibel 20 a mita 100 a wajen megahaz 1000, ta kusa 30 a can ƙarshen zangon, alhali kowane desibel 3 rabin ƙarfin siginar ne. RG59 ta fi haka ci nesa ba kusa ba. Ranar da aka haɗa, hoto zai fito, mai aiki ya nuna maka ya karɓi kuɗinsa. Daga baya sai ka lura wasu tashoshi suna nan garau, wasu suna daddatsewa, a yi ta hawa rufi ana juya parabol, alhali laifin yana cikin waya. Hadarin Agusta mai ƙarfi yana ɗauke hoto ko da wace waya aka yi, wannan ba makawa, amma layin da dama a gajiye yake shi ke fara sakewa. RG11 kuma ba ta gidan zama ba ce sai in tsakanin parabol da dikoda ya haura mita 50 ko 60. Tana da tauri, ba ta son kwana, bakinta ma daban ne.

Sai ƙarfen tsakiya. Ka tafi shago da mayen ƙarfe a aljihu, ko na tsohuwar lasifika ne. In ya kama silin, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan jan ƙarfe. A yi adalci, wannan ba lallai zamba ba ce, domin sigina mai babbar mita a fatar ƙarfen take gudu, ba ta shiga ciki, kuma kamfanoni da yawa suna yin RG6 ɗinsu haka a fili. Matsalar tana wani wuri. Dikoda tana tura wuta ta cikin wayar nan zuwa LNB, bolt 13 ko bolt 18, kuma da wannan bambancin ne take gaya masa rukunin tashoshin da take so. Baƙin ƙarfe yana tauye wuta. A dogon layi 18 ɗin ba ta isa sama a cike, sai rabin tashoshi su ɓace. In kuma ruwa ya samu hanya, tsatsa ce. A layin mita 15 ko 20 da ke waje inda hannu ke kaiwa, ba zan yi jayayya da mai baƙin ƙarfe ba. Wanda za a binne, ko mai ratsa suwic ɗin DiSEqC na haɗa parabol biyu ko uku, a ba shi jan ƙarfe.

Ka sa a fere maka ɗan yanki ka ga saƙar. Wata za ka tarar gashi goma sha ne a warwatse a kan takarda mai yagewa da farce. Saƙar nan ita ce katangar da ke hana siginar waje shiga, kuma mitocin 1800 da 2100 da kamfanonin salula ke aiki da su suna cikin zangon parabol. Takardar alminiyum mai kauri da saƙa mai cika sun isa. Mai rufi huɗu sai gidan da ke gindin eriyar kamfanin waya.

Wani abin da ke sa a fasa bango daga baya shi ne rabo. Siginar eriya ana raba ta, kowane rabo biyu yana cin kimanin desibel 3.5, talabijin biyu ko uku su kama lafiya. Ta parabol ba ta rabuwa haka, domin dikodar uwargida tana neman bolt 13, ta amarya tana neman 18, waya ɗaya kuma ba ta ɗaukar umarni biyu. Kowace dikoda tana son wayarta tun daga rufi, da LNB mai baki biyu ko huɗu. Mai gida mai sassa ya ƙirga dikodojin da za a kunna lokaci ɗaya, ya sauko da wayoyi daidai da su. Falon maigida kuwa a ba shi biyu, ɗaya ta Canal+, ɗaya ta parabol ɗin kyauta ko eriya.

Baki ma yana da nasa. Bakin F da ake murɗawa da hannu shi ne ko'ina, kuma a cikin ɗaki yana aiki. A waje, wanda ake matsewa da filaya ta musamman ya fi riƙo, ya fi hana ruwa. A naɗe shi da tef mai narkewa a jikin kansa, a kuma sa wayar ta ɗan yi ƙasa ta lanƙwaso kafin ta shiga bango, don ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta zuwa ciki.

Wayar rezo

Tambayar da ake yawan yi ita ce, ina amfanin waya tunda akwai wifi? Ginin Maradi ne amsar. Bulon siminti, dal mai rodi, ƙofofi da tagogin ƙarfe, duk suna kashe wifi, musamman na gigahaz 5 mai sauri, wanda bango biyu ke gamawa da shi. Ƙaramar na'urar da ake soka wa a soket don ta maimaita siginar tana raba gudun biyu, ga yawan yankewa. Maganin da ke ɗorewa shi ne waya ta ɗauki intanet daga rauta zuwa kowane sashe, a can a rataya na'urar wifi a silin. Wifi mai kyau a babban gida a kan waya yake tsaye.

Ga abin da lambobin ke nufi. Cat5e tana aiki har megahaz 100, tana ɗaukar intanet mai gudun gigabit 1 a mita 100, kuma ƙa'idar da ta fito a 2016 ta ba ta damar ɗaukar 2.5. Cat6 megahaz 250 ce, tana kai gigabit 10 in layin bai wuce kimanin mita 55 ba, silinta ya fi kauri, galibi milimita 0.57 maimakon 0.51, kuma yawanci akwai roba mai siffar gicciye a tsakiya da ke raba tagwayen huɗu. Cat6A megahaz 500, gigabit 10 a cikakkiyar mita 100, amma tana da kauri da tauri, tana cika tiyo, haɗa bakinta kuma yana son gwani. Cat7 da Cat8 ba na gida ba ne. Cat8 an yi ta don ɗakunan manyan kwamfutoci, iyakarta mita 30. Cat7 kuwa a ƙa'idarta ba ma da bakin RJ45 take aiki ba, don haka shimfiɗaɗɗiyar wayar nan mai sheƙi da ake rubuta wa Cat7 kada ta ruɗe ka.

Intanet ɗin da ke shiga gidajenmu yau, ta 4G ne, ko fiba inda ta iso, ko Starlink da ya fara aiki a Nijar a 2025, ba ya cika gigabit 1. Ke nan Cat5e ta gaskiya ta wadatar, kuma wanda ya riga ya binne ta ba shi da dalilin tono. Ina zaɓar Cat6 ga sabon gini ne saboda kaurin silinta, wanda ya fi jure zafi da ɗaukar wuta, da kuma shekarun da za ta yi a bango. Bambancin kuɗin kwali ɗaya ko biyu ba komai ba ne kusa da kuɗin fasa shafe. Amma in zaɓin ya zama tsakanin Cat5e ta jan ƙarfe da Cat6 ta alminiyum, ko waiwaye ba na yi, Cat5e zan ɗauka.

Wannan alminiyum ɗin shi ne babban abin da ke damuna a kasuwar waya. Ana kiransa CCA: silin alminiyum da aka yi wa ruwan jan ƙarfe, irin ɗan kunnen da aka yi wa ruwan zinariya, a ido ba ka raba shi da na gaske. Babu wata ƙa'idar wayar rezo da ta yarda da shi, ko me aka buga a kwali. Yana tauye wuta fiye da jan ƙarfe da sama da rabi. Yana karyewa in an lanƙwasa shi sau biyu ko uku, kuma wurin da ya fi karyewa shi ne daidai bakin soket. In iska ta taɓa inda aka yanke, yana yin fatar da ba ta wuce wuta, sai layin da ya yi aiki bara ya fara yankewa bana ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A gajeren layi tsakanin kwamfuta da rauta yana iya wucewa ba a gane ba, shi ya sa mai shago zai ce maka da zuciya ɗaya, «Alhaji, ita kowa ke saye, ba wanda ya taɓa maido ta.» Ba ƙarya yake yi ba, wanda ya binne waya ai ba ya iya maido ta.

Inda CCA ke zama haɗari shi ne wajen PoE, wato tura wuta da intanet a waya ɗaya, wanda kyamarori da na'urorin wifi na silin suke rayuwa a kai. Ƙa'idar 2003 tana tura wat 15.4, ta 2009 wat 30, ta 2018 har wat 90, a kan kusan bolt 48. Wutar da alminiyum ya tauye ba ɓacewa take ba, zafi take zama a cikin tiyo. Alamar farko ita ce kyamara ta yi aiki da rana, da dare in fitilunta sun kunna ta riƙa mutuwa tana tashi.

Gane shi ba wuya, kuma a gaban mai shago ake yi, da ladabi. Ka sayi mita ɗaya tukuna. Ka kankare sili ɗaya da reza: in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyum ne. Mayen ƙarfe ba ya aiki a nan, domin alminiyum ma ba ya kamuwa. Ka kunna ashana a ƙarƙashin silin: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, alminiyum zai yi laushi ya sunkuya nan take. Ka ɗaga kwalin, na jan ƙarfe yana da nauyin da hannu ke shaidawa. In akwai mai gyaran rediyo kusa, ya haɗa sili biyu a ƙarshen yanki mai mita 50 ya auna ta ɗaya bakin: na gaske ba ya wuce om 9.4, alminiyum zai ba ka sama da haka. Ka duba rubutun jikin riga kuma. Waya ta kirki tana ɗauke da sunan kamfani, da lambar Cat, da kaurin sili, 23 ko 24 AWG, da lambar mita a kowane taki. Cikakken kwali mita 305 ne, kuma da lambobin nan ne za ka san ko an cika maka. Araha dai ba ta ado, kwalin da kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na sauran sosai, akwai abin da aka cire daga cikinsa.

Mita 100 ɗin da ake faɗa ma tana da sharaɗi. Mita 90 ce a bango, 10 ta gajerun wayoyin da ke bakin na'urori, kuma an yi lissafin a kan zafin digiri 20. Ga waya marar rufin ƙarfe, a digiri 40 mita 90 ɗin tana komawa 84, a digiri 60 ta koma 75. Wanda ya taɓa leƙa tsakanin kwano da silin a watan Afrilu ko Mayu ya san 60 ba abin mamaki ba ne a wurin. Gidaje kaɗan ne ke da layi mai wannan tsawo, amma darasin shi ne a bi da waya ta bango ko ta ƙasa inda hali ya yi, in kuma dole ta bi silin, kada ta kwanta a jikin kwano.

Mai rufin alminiyum, FTP, da marar rufi, UTP, fa? Masu koyi da tsarin Faransa suna son FTP, kuma tana da amfani kusa da injuna ko manyan wayoyin wuta. Sai dai rufin ba ya aiki sai an haɗa shi da ƙasa ta bakuna da soket na ƙarfe, gidajenmu da yawa kuwa ba su da sandar ƙasa ko ɗaya. Rufin da ba a saukar ba kuɗi ne aka zubar. UTP da aka nisanta da wayar wuta ta isa gidan zama. Abu na ƙarshe a nan: ta cikin bango mai sili ɗaya ƙaƙƙarfa ce, wadda ake dannawa a bayan soket. Mai laushi, mai gashi-gashi, ta tsakanin soket da kwamfuta ce, ita kuma gara a saye ta haɗaɗɗiya.

Inda zaɓin ke rikicewa

Kyamarar tsaro ita ce wurin da wayoyin biyu suke takara da gaske. Kyamarori masu araha, na AHD da ire-irensu, da kowaksiyal suke aiki, amma ba ta parabol ba. Siginarsu mai ƙaramar mita ce, tana shiga cikin ƙarfen, don haka suna son RG59 ko KX6 mai sili da saƙa duk na jan ƙarfe, da tagwayen wayar wuta a gefe. A nan siririyar ta fi RG6 mai baƙin ƙarfe. Kyamarorin rezo sun fi tsada, amma waya ɗaya ce ke kai musu wuta ta dawo da hoto. Ni zan ja Cat6 zuwa ƙofar gida da gareji da kusurwoyin katanga ko da kyamarar AHD ce za a fara sawa, domin da ɗan abin haɗi da ake kira balun tana aiki a kan wayar rezo, ranar da aka canza tsari kuma waya tana nan.

Sai masu neman rezon 4G a gefen gari. Wasu suna kafa eriya a kan dogon ƙarfe su sauko da siginar da wayar parabol mita 20 zuwa rauta. Eriyar salula om 50 ce, wayar parabol 75, ga asarar tsawo a kai, abin da aka kamo a sama ya ƙare a hanya. A kai rautar sama kusa da eriya, ko a sayi wadda aka yi don zaman waje, a sauko da intanet ɗin ta Cat6, wadda ba ta rasa komai a wannan tsawo.

Tsallaka tsakar gida kuma ya fi komai son hankali. Daga babban gini zuwa ɗakin samari, ko shagon ƙofar gida, ko gidan ƙane da ke maƙwabtaka, ana yawan miƙa waya ta sama a ɗaure a itacen dogon yaro. Farar riga ba ta shekara nawa a ranar nan. Mafi muni, duk jan ƙarfen da ya ratsa fili hanya ce ga tsawa, kuma ba sai ta faɗo a kan gidan ba, faɗuwarta kusa ta isa ta ƙone bakin rauta da talabijin a gine-ginen biyu. In tazarar ƴar kaɗan ce, baƙar wayar waje cikin tiyo a ƙarƙashin ƙasa. In gini ne daban mai mitar Nigelec tasa ko solarsa, fiba ta fi: gilashi ce, wuta ba ta bin ta, ana samun ta da bakunanta a haɗe, sai ƙaramar na'ura a kowane gefe. Parabol shi ma a haɗa jikinsa da saƙar wayarsa da sandar ƙasa, in kuma hadari ya taso da walƙiya a zare wayar daga dikoda, ba filogin wuta kaɗai ba.

Wanda gidansa ya riga ya gama, ba sai ya fasa ba. Farar gulot da ake mannawa a bango tana ɓoye waya da kyau. Akwai na'urorin MoCA masu tura intanet ta kowaksiyal, amma mitarsu, 1125 zuwa 1675, tana tsakiyar ta parabol, don haka sai a layin da babu dikoda a kansa.

Tiyo da hannun mai aiki

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, tiyo zan zaɓa. Waya tana tsufa, fasaha tana canzawa, amma tiyo mai faɗi da ba a toshe ba yana ba ka damar zare tsohuwa ka zura sabuwa, ko fiba ce. Siririn jan tiyon da ake sa wa wayar fitila ya yi kaɗan. A sa mai milimita 20 ga waya ɗaya, 25 ga biyu, kada waya ta ci fiye da sulusin cikinsa, wuraren lanƙwasarsa su zama masu faɗi, a bar igiya a ciki, a toshe bakinsa kafin magina su fara watsa siminti. Yana kuma kare waya daga kusu da gara. Kada wayar wuta ta shiga tiyo ɗaya da waɗannan, a ba su tazarar kamar santimita 30 in suna tafiya tare, in za su haɗu su gitta juna. Har ɗakin da ba ka da kuɗin wayarsa yau, ka binne masa tiyo babu komai a ciki.

Duk layukan su taru wuri ɗaya, kowanne daga ɗakinsa kai tsaye, ba a bi da waya daga ɗaki zuwa ɗaki yadda ake yi wa fitilu, ba a kuma ƙulla ta a tsakiya a naɗe da tef. Matattarar ta kasance inda iska ke shiga, nesa da madafa da ƙurar hunturu, kusa da batir ɗin sola, domin in Nigelec ta ɗauke wuta rauta da kyamarori su ci gaba. Kafin shafe, ka zagaya da wayar hannunka ka ɗauki hoton kowane bango, ranar da za a kafa ƙusar labule za ka neme shi.

Mai haɗa wuta nagari ba lallai ya iya wayar rezo ba, sana'a biyu ce. Ka tambaye shi wane tsari yake bi wajen jera launuka. In ya ce B, wato T568B, a duka bakunan, kun fara daidai. Kada ya warware murɗin tagwaye fiye da milimita 13 a bakin soket, kada ya ja waya da ƙarfin tsiya in ta maƙale, kada ya buga mata ƙusa ko ya karya ta a kwana. Haka kowaksiyal, in aka matse ta kumfar ciki ta lotse, wurin ya lalace ke nan. Ya rubuta sunan ɗaki a kan kowace waya ta gefen matattara.

Ku yi sharaɗi tun farko cewa cikon kuɗin aiki sai bayan gwaji. Ƙaramar na'urar gwaji mai fitilu takwas za ta nuna ko kowane sili ya isa kuma a gurbinsa. Bayan ita, a jona kwamfuta a kowane soket a duba gudun da ta nuna, da rauta ko suwic mai bakin gigabit a ɗaya gefen. Megabit 100 yana tafiya a kan tagwaye biyu kawai, gigabit kuwa sai huɗun duka, don haka layin da ya nuna 100 maimakon 1000 yana da silin da ya karye ko bai zauna ba, ko da intanet yana buɗewa. Na parabol kuma a gwada su da dikoda ɗaki-ɗaki, a duba ingancin sigina a tashoshin bolt 13 da na 18, tun mai aikin bai sauke tsaninsa ba.